Goyon Tsohuwa Daga Bene Na Huɗu

Ɗazu da hantsi motar kwana-kwana ta wuce ta bakin gidana a unguwar Kpébié tana jiniya, na tsinci kaina a tsaye ina ɗaure zani. 'Yata ta yi ta min dariya. Bari ta yi, ba ta san inda abin ya samo asali ba.

A Djougou na tashi, a gidan kakana, jikan fataken goro. Gida ne babba, rabin ɗakunansa jinka ce, ga warin ganyen goro da na hayaƙin murhu ba sa barin tsakar gida. Da zarar an gama girbi, ciyawa ta bushe, manoman ƙauyen Sérou sun fara ƙona daji, sai tsohon ya ɗauko wani faranti na tagulla ya rataye a ƙofar turakarsa. Ba ya faɗin rana. Kana cikin cin tuwo sai ka ji ƙwal-ƙwal-ƙwal, kamar gobara ta tashi. Kowane mai ƙafa a gidan an ba shi mutum ɗaya wanda ba ya iya gudu, kuma ba ka da izinin fita zaure sai da naka. Ni tawa Goggo ce, ƙanwar kakan, makauniya mai faɗan tsiya. Ina jan ta tana zagina har mu fita.

Na taɓa tserewa ni kaɗai, na bar ta. Bai doke ni ba. Ya dube ni a gaban kowa ya ce, "Ke kin fito. Ina ƙanwata?" Wallahi da ya zane ni da ya fi min sauƙi.

Shekaru suka tafi, na samu bursu, wato tallafin karatu, zuwa wata ƙasa ta gabas mai nisa, wadda ke zaman ɗar-ɗar da maƙwabciyarta. Na kama ɗaki a bene na biyu. A na huɗu akwai wata tsohuwa mai ciwon gwiwa, ita kaɗai, sai gaisuwar hannu muke yi don ban iya yarensu ba tukuna. An manna wata takarda a bakin matakala, ni kuwa rubutun nan nasu kamar zanen lalle nake ganinsa.

Wata rana da azahar jiniya ta ɗauka, doguwa, mai shiga har cikin haƙori. Na leƙa taga: motoci sun tsaya cak, 'yan sanda na kaɗa mutane zuwa ƙarƙashin ƙasa. Na ce innalillahi, yaƙi ya zo, jirage za su zubo wuta! Ƙafata ta yi ƙasa, har na taka matakala uku. Sai na ji muryar kakana a kunnena tana tambaya, "Ina ƙanwata?"

Na juya na haura. Na iske tsohuwa zaune tana shan shayi. Na yi mata nuni, ta girgiza kai. Yo ni da na saba da Goggo! Na durƙusa, na saɓa ta a baya, na tamke ta da zanina kamar jaririya. Tana ihu, tana dukan kafaɗata da silifa, ni ina salati, har muka sauka ɗakin ɓuya na ƙarƙashin ƙasa. Mutane suka zuba mana ido. Sai wani ɗan sanda ya matso, da ɗan Faransancinsa ya ce, "Madam, atisaye ne. Duk shekara ake yi." Ashe abin da takardar nan ta ce ke nan.

Kunya ta rufe ni. Tsohuwa kuwa ta ƙi a kwance ta. Ta kifa kanta a wuyana, na ji ɗumin hawayenta.

Da na kira gida na ba da labari, kowa ya yi ta ƙyaƙyata dariya, sai aka miƙa wa kaka waya.

"Jikata, kin sauko da ita?"

"Na sauko da ita, Kaka."

"To madalla."

Har yau ban samu takardar shaida da ta kai min wannan ba, kuma ina alfahari da ita.

Yanzu gidajenmu na siminti ne, kowa da katangarsa da makullinsa, wani bai san ma wa ke kwana a bayan bangonsa ba. Farantin yana wurina. Da yamma zan buga shi, 'yata mai dariya kuma na riga na ba ta nata wanda za ta fitar: tsohon da ke gidan kusa da mu.