Sallamar Baffa Sale

Ku da kuka zauna unguwar Mursal a Njamena kun san Baffa Sale mai kilishi, ƙanen mahaifina. Da sanyi ya fara shigowa sai ya zura rigar ulu, ya daki tsohuwar a-kori-kurarsa da tafin hannu, ya ce, "Kalas, magana ta ƙare! Bana sai Abeshe!"

Yayarsa ce a can, Gwaggo Ladi. Suna yara iyayensu suka biyo tsohuwar hanyar alhazai daga Kano, guzuri ya ƙare musu a Abeshe. Ita ta yi aure a can, sauran suka dawo Njamena. Rabonsa da ita tun yana saurayi, ga shi ta tsufa, duk wanda ya zo sai ya ce tana cigiyarsa. Hanyar kuwa a shekarun casa'in, da damina taɓo, da bazara wuta, lokacin sanyi kaɗai take biyuwa. Ni aka naɗa direba, na shiga uku!

Wajen shiri babu na biyunsa. Ya san inda za mu sha shayi a Masaget, ya san mahaucin da zai sauke mu a Ati. Abu ɗaya ne: Baffa ba ya tafiya sai ya bi gida-gida da ƙafa, ya yi sallama, ya nemi yafiya. Ko'ina sai an ɗora masa shayi, shi kuma kunya ba ta barinsa ya fito bai ajiye kilishin guzurinmu ba. Kafin ya gama unguwar Sabangali guzuri ya ƙare, a koma shanyar nama. Kafin ya gama Mursal zafi ya dawo.

Na ce, "Baffa, ka miƙe bayan sallar Juma'a ka nema gaba ɗaya mana."

Ya harare ni. "Yafiyar ce za a yi sarinta? Gero ce?"

Wata shekara har mun tashi, wallahi! Mun kai Lamaji a bakin gari, ina ta murna, sai ya dafe ƙirji.

"Tsaya! Ban sallami Musa mai aski ba."

"Haba Baffa, Musa ai bara ya rasu!"

"To magadansa fa? Juya!"

Maƙwabcinsa Malam Adam kuwa ya gano bakin zaren. Baffa ya ce masa a yafi juna, sai Malam Adam ya karɓi kilishi, ya shafa gemu, ya ce, "Zan yi tunani. Dawo gobe." Haka ya yi ta tunani yana tauna har sanyi ya wuce.

Ran nan raina ya ɓaci, na ce, "Baffa, faɗi gaskiya, tsoron hanya kake ji!"

Ya shiga goge gilashin mota. Can ya ce, "Ba hanya ba ce, ɗana. Tsoro nake in isa a nuna mini kabari." Daga ranar ban ƙara tsokanarsa ba.

Da sanyi ya zagayo muna ɗaura kaya kamar kullum, sai ga wata ƙatuwar mota ta albasa ta tsaya a bakin layi. Aka sauko da wata 'yar tsohuwa daga saman buhuna, ta nufo mu da sandarta.

"Sale! Har yanzu sallamar ce?"

Baffa ya zube ƙasa, babban mutum yana kuka wiwi. "Yaya, ki yafe mini."

Ta ƙwala masa sandar a kafaɗa. "Ka nemi ta kowa a garin nan, ni ce ta ƙarshe? Tashi, ka tsufa ka yi muni. Na yafe."

Sanyin nan tare suka ci shi, suna faɗa suna dariya a kan tabarma ɗaya. Da zafi ya shigo Baffa ya kwanta ciwo, bai tashi ba, kuma a kan cinyarta ya cika.

Allah Ya jiƙan Baffa. Ya Allah, bawanKa ya bi ƙofa-ƙofa yana roƙon yafiya, ga shi yau a ƙofarKa. Ka yafe masa.