Ranar da Aka Leƙa Ƙarƙashin Ɗakin Inna

Wata safiyar Asabar, a daminar shekarar da na shiga aji huɗu, na fita kai wa awaki dusa sai na tarar babu katangar bayan gidanmu. Ita da zogalen kakata Inna da rabin garke duk sun zame cikin kwazazzabon da ya ratsa unguwarmu, can gefen Mabera. Zogalen na tsaye a ƙasa da ganyensa, kamar can aka shuka shi. A bakin wannan gaɓar muke 'yar gala-gala kullum in an taso daga allo, ban taɓa sanin ƙasa na tafiya ba.

Saura ɗakin Inna da ya rage a bakin gaɓar, ita kuwa ta ce ba ta tashi. "Nan Malam ya aje ni, nan za a ɗauke ni."

Da abin ya gagara, Baba ya je jami'a ya zo da masu binciken ƙasa, shugabarsu wata mata, Malama Rifkatu. Suka kafa turakun ƙarfe a jere tun daga gaɓa har tsakar gida, suka haɗa su da waya zuwa batir da wata na'ura. Daga baya suka riƙa dukan faifan ƙarfe da guduma, aka ce kowa ya tsaya cik, don na'urar tana jin ko takun kaza. Na tsaya da tulu a ka, ina jin dukan yana ratsa tafin ƙafata.

Malama ta durƙusa gefen tabarmar Inna ta buɗe kwamfuta. "Inna, ga ƙarƙashin ɗakinku. Jan nan yashi ne, shuɗin yumɓu. Ruwan kwatarku yana nutsewa, in ya iske yumɓu sai ya kwanta, ƙasar sama ta riƙa sulɓi a kai."

Inna ta daɗe tana kallo. "Ba ku gina ba, ƙaƙa kunka gani?"

"Wuta muka aika, ta dawo mana da labari."

"Ikon Allah," in ji Inna a hankali. Kafin la'asar muna kwasar kwallayenta zuwa ɗakin kusa da zaure. Aka karkatar da kwatar, amma damina ba ta ƙare ba sai da bangon tsohon ɗakin ya bi katanga.

Yanzu an ɗaure kwazazzabon da siminti, shaguna sun rufe gaɓar, yara na wucewa ba mai duban ƙasa. Inna ta yi shekaru a sabon ɗakin kafin ta rasu. Har yau, in an ɗauke ruwa, a hankali nake taka ƙasa.