Kamarar da Ba Ta Katse Yaya Ba

Lambar shekarar ban riƙe ba, amma na san ta. Damina biyu ne bayan na dawo daga Makka, shekarar da tsamiyar ƙofar gidanmu ta faɗi ta danne katangar maƙwabta, tun hanyar Maruwa tana lafiya, mutum ya hau mota ba abin da yake tsoro sai ramuka. A shekarar na zaɓi kamara, ni da ban taɓa riƙe alƙalami ba.

Saboda Yaya aka yi sayen. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ita ta goya ni. A gidanmu akwai al'ada: ranar suna, in mata sun ci sun ƙoshi, babbar gida takan zauna ta jero hanyar da kakanninmu suka biyo da jakunan fatauci daga Kano, zango bayan zango, wa ya auri wa, wa aka binne a ina, har su sauka Garwa. Jan hanya muke ce masa. Yaya kaɗai ta rage mai riƙe da shi duka. Sharaɗinta guda ne, ba a katse ta. In ta tsaya da kanta don salla, za ta ci gaba. In wani ya tsayar da ita, an rufe ke nan.

Mun taɓa gwadawa. A sunan wata jikata muka ɗauko mai bidiyo na haya, irin mai kaset. Yaya ta kawo kakanmu bakin ruwa a Yola, yana neman kwalekwale, sai kaset ya ƙare. Mutumin ya ɗaga hannu ya ce, "Hajja, ɗan dakata." Yaya ta dube shi, ta gyara mayafi, ta ce a kawo mata kunu. Shekara biyu kakanmu yana tsaye bakin ruwan nan a cikin kaset ɗinmu, bai haye ba.

Ga matar autana ta kusa haihuwa, ga muryar Yaya kullum ƙara sirancewa take. Na san in wannan sunan ya wuce mu, wataƙila hanyar ta tafi da mai ita.

Autana ma'aikacin gwamnati ne, rabin maganarsa Faransanci. Shi ya zo min da labarin an kawo kamara marar kaset, mai haɗiye hoto a cikinta, dis-dur suke ce wa cikin nata. Na ce, "Tashi mu je." Ya ce, "Inna, ke me za ki gani a can?" Na riga shi hawa moto, wato babur.

Mai shagon Kirista ne, mutumin duwatsun wajen Mokolo, Hausarsa ta kasuwa ce amma ba ta tuntuɓe. Ya fito da guda biyu. Ɗaya siririya mai launin azurfa, ɗaya baƙa, 'yar lukuta kamar ƙullin daddawa. Autana ya ɗauki ta azurfar ya fita rana, ya danna wani wuri, sai ga mai tsire na ƙarshen layi ya matso har ina ganin gumin goshinsa.

"Inna, kin gani? Da wannan zan ɗauko dorinar kogi daga kan gada!"

"Dorina ce za ta ja mana hanya?"

Mai shagon ya yi dariya, ya kira ni uwa da Fulatanci, ya ce, "Dada, ita matasa ke so."

Ni tun ina budurwa har furfura atamfa nake sayarwa. Na san mai kaya yakan fito da shi rana ne domin ya yi ƙyalli. Ni kuwa in zan sara, inuwa nake jan turmi in duba rininsa. Ɗakin Yaya taga ɗaya gare shi, ita ma da labule. Sai na ce, "Ɗana, ina kake ajiye kwalayenka?"

Ya kai mu ɗakin bayan shago, duhu-duhu, da zafi. Na sa ya kunna fanka, domin Yaya ba ta zama sai da ita. Na zauna a ƙasa, na sunkuyar da kai, na rage murya kamar tata, na ce su ɗauke ni da duka biyun. Na soma ba su labarin ranar da na bi ɓarawon turmina tun daga layin 'yan tela har bakin masallaci.

Da aka kunna ta azurfar, ba abin da ya fito sai haƙorana, da gurnanin fanka, da ƙarar baburan waje. Baƙar kuwa ta nuna fuskata, ba tas ba, amma ni ce. Kuma tana da wata 'yar kunne mai igiya da aka maƙala min a mayafi, har numfashina ta kama.

Autana ya ce, "Amma idonta bai kai nesa ba."

Na ce, "Daga ƙofar ɗakin Yaya zuwa tabarmarta taku nawa ne?"

Ya ajiye ta azurfar. Na juya ga mai shagon na ce, "Cikinta fa? Zai ɗauki hantsi zuwa la'asar?" Ya rantse zai ɗauka, in dai an jona ta da wuta. Na ce, "In an ɗauke wutar?" Ya ce batir zai karɓa. Na ce a gwada. Ina tsakiyar labari ya zare igiyar daga bango, jan ɗigon da ke nuna tana ɗauka bai ko ƙifta ba. Na ci gaba. Sai da wani mai saye ya gaji da sallama a waje, mai shagon yana ce masa, "Ina zuwa!" ya juyo gare ni, "Dada, to, da kika kama rigar ɓarawon sai me?"

Baƙar muka ɗauko.

Ranar suna autana ya kafa ta a kan ƙafafunta uku a bakin ƙofa. Yaya ta harare ta ta ce, "Wannan ma mai cewa dakata ce?" Na ce, "Gwada ta, Yaya." Ta yi bismilla ta tashi jakuna daga Kano. Ta yi azahar ta dawo. Muna dab da Yola wuta ta ɗauke, fanka ta mutu. Na saci kallon ɗigon, yana nan ja. Na ɗauki mafici ina yi wa Yaya fifita.

Sai kakanmu ya shiga kwalekwale. Ya haye! Wata ƙanwar mijina ta kama hanci za ta rangaɗa guɗa, na toshe mata baki da tafin hannu. Haka muka daure har Yaya ta sauke kaya a Garwa, ta kira sunan jaririn a ƙarshen jerin. Sannan na saki bakin matar nan, gida ya ɗauka.

Yaya ta nuna kamarar da haɓa ta ce, "Wannan tana da tarbiyya."

Daga baya autana ya je gada ya ɗauko dorinarsa. Wani baƙin ɗigo ne a tsakiyar ruwa, har yau muna musu ko dutse ne.

Yaya ta cika bayan damina uku. Ƙanwar mijina mai guɗa ma ta bi ta. Mai shagon yana nan, ya koma sayar da wayoyi, in ya gan ni sai ya tambayi ɓarawon turmi. Autana yana nan, ya yi tumbi. Jaririn ya yi gemu. Ni ma ina nan, kuma ni ke jan hanya yanzu. In na manta wani zango, sai in sa a kunna min Yaya, ta faɗa min.