Mai Sunan Malam Ya Ari Mangwaro

Karatuna na boko a aji huɗu ya tsaya, sauran Turancina kuwa a hammata na tara shi. Shekara talatin da ɗoriya ina masinja, fayil a ƙarƙashin hannu daga wannan tebur zuwa wancan, kuma wanda ya daɗe a rumfar mai turare ba ya tashi haka nan. Shi ya sa a majalisarmu ta Kwarbai duk takardar da ta zo da Turanci, ta magani ce ko ta fansho, ni ake miƙo wa. In gyara tabarau, in yi gyaran murya, in fassara abin da na gane. Wanda ban gane ba in ce maganar lauyoyi ce.

Autata ta samu koyarwa a wata makarantar kuɗi a Gyallesu, amma na gwaji, zango ɗaya. In ta yi a riƙe ta, in ba ta yi ba Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Kafin nan shekara uku takardunta na kwance a ƙarƙashin katifa. Hedimastansu ya ba ta tsofaffin labaran Turanci na jarrabawar fita sakandare, irin waɗanda ake karantawa a amsa tambayoyi. Ya ce yara sun haddace su, a sake musu riga: kowace kalma a nemo 'yar'uwarta mai ma'ana ɗaya a sa, labari ya zauna yadda yake. Ya kuma ce kada ta kuskura ta ba waya aikin, yana jin ƙanshin aikin waya tun daga bakin ƙofa.

Ga takardun yara jibge suna jiran maki, ga goyo. Na ce mata ina amfanin Bature a gida ana shan wahala. Ta dube ni, ta dubi uwarta, uwar ta ci gaba da tsintar shinkafa kamar ba ta ji ba. Daga ƙarshe ta ba ni labari uku, ta riƙe tambayoyin a wurinta, ta kafa mini doka ɗaya tak.

"Baba, duk kalmar da ka ga dama ka canza. Amma sunan mutum da sunan gari, ka bar su yadda ka gan su."

Na ce tun ba a haife ta ba na san wannan.

Da hantsi na shimfiɗa buzu a zaure, na ɗauko ƙamusuna wanda gara ta riga ni karanta shafukan farko. Labarin noman gyaɗa da na jirgin ƙasa na yi musu aikin tela ranar jajibere. Inda aka ce babba in nemo ƙato, inda aka ce sauri in nemo hanzari. Ta duba na farko, ta ce ashe ba cika baki kaɗai Baba ya iya ba. Ranar har hula ta matse ni.

Na ukun labarin wani malalacin yaro ne da ya tsallaka katanga ya saci mangwaro, aka kama shi aka zane shi a gaban 'yan makaranta. Sunan yaron kuwa sunan mahaifina ne.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, malamin zaure ne can wajen Ƙofar Kuyambana. Tun da na yi wayo sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Ko ɗan maƙwabci aka raɗa wa shi, Mai sunan Malam nake kiransa har ya yi gemu. Yau kuma a ce in ɗauki biro in rubuta wane ɓarawo ne, wane an kwantar da shi an yi masa bulala. Hannu ya ƙi. Sai na rubuta Mai sunan Malam, da Hausa a tsakiyar Turanci, wuri goma sha ɗaya. Da na sa haka, sauran kalmomin ma suka yi mini nauyi. Lalaci ya koma son hutu, sata ta koma aro, bulala ta koma nasiha. Na ce wa kaina ai duk 'yan'uwa ne, sai dai na nesa.

Ban gaya mata ba. Ta haɗa ta kai wa mai bugawa a kwamfuta, shi kuwa abin da ya gani yake bugawa.

Ranar jarrabawa yara suka ga tambaya na neman wane, labari babu wane. Tambaya ta ce me ya sata, labari ya ce aro ya yi. Wata yarinya har ta rubuta cewa mai tambayar ya yi wa bawan Allah ƙazafi. Auta ta dawo gida, ta yi sallama ciki-ciki, ta ajiye takardar a gabana, ta ce an ce ta je da bayani da safe, in babu ta miƙa rajistar aji. Na faɗa mata dalilina. Ita ko a jikinta, kakanta ne, abokin wasanta. Ta kira sunan tsaf a gabana har sau biyu. Uwarta daga madafa ta ce Turancin hammata ke nan.

Washegari na sa babbar riga muka tafi tare. Hedimastan mutumin cikin gari ne, furfura ta fara tsatso masa. Na gaya masa abin da ban taɓa faɗa a majalisa ba, cewa a aji huɗu na tsaya, yarinya ta kafa doka ni na karya, in hukunci ne nawa ne. Bai yi dariya ba. Ya ɗauko asalin labarin ya fara karantawa da ƙarfi, don in ji yadda ake yi. Ya wuce sunan mahaifina sumul. Da ya kai kan abokin ɓarawon, wanda ya tsaya gadi a gindin katanga, sai ya yi ɗan tari, ya ce "da wancan yaron", ya ci gaba. Ya sake zuwa, ya sake tari.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kamar an tsallake suna."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Na ɗan fari ne, Baba."

Ya rufe littafin. Ya ce malama ta koma ajinta, amma takarda sai an sake bugawa, kuma wanda ya ɓata shi zai gyara. Ya miƙo mini jan biro.

A kan bencin yara na zauna da babbar rigata. Na mayar wa yaro satarsa da bulalarsa, na rubuta sunan Malam ɗaya bayan ɗaya ina neman gafara a zuci. Auta na tsaye a kaina tana bin layi da ido. Da na yi kamar ban ga na tara ba, ta sa yatsa.

Har yau tana koyarwa a can. A majalisa kuma ba a fasa miƙo mini takarda ba, sai dai yanzu mai ita yakan fara rantsuwa cewa ya duba, babu uban kowa a ciki.