Kwanukan da Ba Su Zo Gidan 'Yar Gana Ba

A layinmu na Badarawa zagin ƙasar nan kusan gaisuwa ne. Mutum ya fito da safe ya ce ina kwana, kafin a amsa masa an riga an tsine wa masu wuta. Mu mata ma ba a bar mu a baya ba. Tsakar gidana ce matattara, saboda ni ce mai rijiya, famfon layin kuwa ya daɗe da komawa turken akuya. Yawancinmu in ba ma'aikatan gwamnati ba ne to matan ma'aikata ne. Ni kaina a sakatariya na ƙare ƙuruciyata ina buga takardu har na yi ritaya. Mun san gwamnati ciki da bai, don haka in muka tashi yi mata wankin babban bargo ba ma rage komai. Ana jan guga ana zagi, ana dariya, kowa ta ɗauki bokitinta ta tafi.

Cikinmu akwai wadda ake kira 'yar Gana. Katangarmu ɗaya da ita. Mijinta direba ne a wata ma'aikata, ya je Kumasi ziyarar dangin uwarsa ya dawo da mata. Da na tare a layin na same ta, ita ta nuna mini gidan niƙa da mahaucin da ba ya cuta. Har gashinta ya yi fari wannan suna bai sake ta ba. Hausarta ma ba ta gama miƙewa ba. In muka tsokane ta sai ta ce mu ne muka lanƙwasa tamu. Ni dai Yaya nake ce mata.

Ba ta da kowa a Kaduna. Iyayenta da yayyenta sun ƙare a can, mijin ya rasu, ba ta haifi mace ba. Ɗa guda Allah ya bar mata, malamin makarantar gwamnati a Katabu, yaro mai kunya, a nan aka yanke masa cibiya. In aka cire shi, mu matan layi mu ne danginta, ba wasu. Ita ta san haka, mu ma mun sani.

Wata ranar Alhamis yana dawowa daga aiki motar hayar da ya shiga ta kauce wa rami ta faɗa wa tirela. Da ransa aka ciro shi, yana magana. Asibitin farko aka ce likitoci na yajin aiki. Na biyu suka ce sai an zo da ɗan sanda. Na uku suka karɓe shi, amma babu jini, babu wuta, mai kula da janareto ya tafi neman mai. Ina tare da Yaya a barandar asibitin nan. Ba labari aka ba ni ba. Kafin magariba ya cika, ƙafarsa ɗaya da takalmi.

Gidan mutuwa ba a ɗora tukunya, kowa ya sani. Har a yi sadakar uku maƙwabta ke ciyar da masu makoki da baƙinsu. Ranar farko kwanuka suka cika mata ƙofar ɗaki, tuwo, shinkafa, kunu a bokiti, har muna rasa inda za mu taka. Tana zaune a kan tabarma da carbi, duk wadda ta shigo ta ce, "Ya haƙuri?" ta amsa, "Da godiya." Haka ta yi ta yi kamar injin, idonta a bushe.

Kashegari da hantsi Hajiya ta shigo, matar darakta mai ritaya, masu benen bakin layi. A wajen rijiya babu wadda ta kai ta zafin baki. Ita ce ta taɓa cewa da ƙasar nan kaya ce da tuni ta kai ta gwanjo. Ta zauna, ta yi addu'a, ta ce, "Sai haƙuri, baiwar Allah. Kwana ne ya ƙare. Ko a gaban likita ɗari yake, sai ya tafi."

Yaya ta ɗago kai. Ta ce, "Na sani, Hajiya. Kwana ya ƙare, ban ja da Allah ba. Amma asibiti uku fa. Yana kirana ina jinsa, babu wanda ya taɓa shi. Wace irin ƙasa ce wannan? Ƙasar nan ba ta san darajar rai ba, wallahi ba ta sani ba. Kaza ma in za ta mutu ana ba ta ruwa."

Sai a sannan ta yi kuka. Ni kuwa har na ji sanyi a raina, don tun a asibiti nake jiran hawayen nan.

Hajiya ta gyara mayafi, ta ce, "To, ai ba a ɗaure ki ba. Hanyar Gana a buɗe take. Ƙasar da ta ci da ke ta shayar da ke shekara da shekaru, yau ita ce ba ta san darajar rai ba?"

Na ce, "Hajiya, a gidan makoki kike fa."

Ta ce, "Na san inda nake. Ita ce ta manta inda take." Ta zura takalmi ta fita, mata biyu suka bi bayanta.

Na ɗauka zafin rana ne, zai wuce. Ashe ban san mutanena ba. Ranar uku, ranar da baƙi suka fi yawa, malaman makarantar yaron sun zo daga Katabu mota guda, na leƙa ƙofar ɗaki na ga kwanona, na ga na Malamar Islamiyyarmu, sai na wata amarya da ba ta san dawan garin ba. Shi ke nan. Innalillahi! Na koma gida a guje na ɗora babbar tukunya, na kwashe shinkafar da ke gidan kaf na dafa. Mutane suka ci, ba su san abin da ake ciki ba. Amma ita ta sani. Na ga lokacin da ta dubi ƙofar ɗakin ta kawar da kai.

Da baƙi suka watse na ɗauki mayafi na bi gidajen ɗaya bayan ɗaya. Ina da baki, Allah ya sani, kuma ranar ban rage ba. Na ce wa ɗaya, "Ke ba ke ce kika ce a nan ko mutuwa sai da hanya ba? A tsakar gidana kika faɗa, ina riƙe miki da guga." Ta ce, "Ni na faɗa, ni 'yar ƙasa ce. In na zagi uwata ni na zaga. Baƙo ba shi da wannan bakin." Na ce, "Baƙo? Matar da ta karɓi haihuwar ɗanki na fari?" Ta ce ita ba ta ce ba ta da kirki ba, amma kowa ya san matsayinsa.

Wata ta ce ai da ma Ganar ce ta taɓa korar kakanta da buhu a ka. Na ce to Yaya ce ta kore shi? Mu kuma da muka kori nasu fa? Wata kuma ta ce ita ba ta ji haushi ba, maigidanta ne ya ce kada ta kai. Wannan ta fi ba ni haushi duka. Na dawo gida muryata ta dushe, ban juyo da ko mutum ɗaya ba.

Na sa wa rijiyata kwaɗo. Maigidana ya dube ni ya ce, "Ruwa za ki hana mutane? Ki ji tsoron Allah." Na buɗe, ina ƙunƙuni. Suka ci gaba da zuwa, suka ci gaba da zagin gwamnati a gabana kamar ba abin da ya faru. Yaya ce dai ta daina zuwa. Ni nake miƙa mata ruwa ta kan katanga.

Ba wanda ya zage ta bayan nan, ba wanda ya ce mata ci kanki. Abin da suka yi ya fi haka ciwo. Gaisuwa ta koma ta bakin hanya, a ce sannu a wuce. Aka yi suna a layin ba a gaya mata ba, tana jin guɗa daga ɗakinta. Dokunun da take yi, tuwon masarar nan nasu mai tsami da ake naɗewa a ganye, wanda da ake rububinsa kafin azahar, ya koma kwana a tukunya. In ta je Islamiyya sai a bar fili a gefenta a tabarma, ni kaɗai nake cike shi. Ta rame. Mace mai jiki, ta koma zane na zagaye ta sau biyu.

Na gaji. Wallahi na gaji da faɗa, na gaji da bayani. Ka yi ta nuna wa mutum abin da ke gaban idonsa yana ce maka bai gani ba. Har na fara ce mata ko za ta koma wajen wata ƙawata a Unguwar Sarki, akwai ɗaki. Ta ce, "In je in zama sabuwar baƙuwa da furfurata?"

Malama ce ta shiga maganar. Dattijuwa ce mai sanyin hali, matar limamin masallacin layi, ba ta son rigima ko kaɗan. Ta kira ni gefe ta ce ta zauna da Hajiya da sauran, sun ce su ba su riƙe Yaya a zuciya ba, abu ɗaya suke so, ta tashi a gaban aji ta janye maganarta ta nemi afuwa.

Na ce, "Malama, afuwar me? Wa ta yi wa laifi? Ita aka kashe wa ɗa."

Ta ce, "Na sani, 'yata. Na gaya musu, ba su ji ba. Ni sulhu nake nema, ba shari'a ba."

Na ce ni ba zan kai wannan saƙo ba, ko da wuƙa a wuyana. Malama ta kai da kanta.

Ranar Asabar muka je karatu. Aka gama bita, Malama ta yi gyaran murya ta ce 'yar'uwarmu tana da magana. Na kama gefen hijabinta na ce, "Yaya, zauna." Ta zame hannuna a hankali ta miƙe, tana dafa bango.

Ta ce, "'Yan'uwa, ranar makoki na yi maganar da ba ta dace ba. Zafin mutuwa ne. Ƙasar nan ba ta yi mini komai ba sai alheri. Na gode mata, na gode muku. Ku yafe ni don Allah."

Kai, ka ga murna! Aji ya ɗauki "Allah ya yafe mana baki ɗaya." Hajiya ta taso ta rungume ta har da hawayenta, tana cewa ai ita da ma ba ta ɗauke ta baƙuwa ba, ta zama 'yar gida. Aka matso aka cike tabarma. Wata ta ce gobe a ajiye mata dokunu. Ni ina zaune, na kasa cewa amin.

Muka taho gida tare. Sai da muka shiga ɗakinta, ta cire hijabi ta zauna a bakin gado tana haki, sannan na fashe.

Na ce, "Yaya, me ya sa? Gaskiya kika faɗa, kowa a ɗakin nan ya san gaskiya kika faɗa. Ina nan, ban mutu ba. Me za su ba ki da ba zan ba ki ba?"

Ta dube ni. Ba ta yi fushi ba, ba ta kuma yi kuka ba.

Ta ce, "Ƙanwata, ke ɗaya ce. Ranar da na mutu, ke kaɗai za ki iya juya ni? Wa zai riƙe miki buta? Wa zai ɗinka likkafani? Su za su yi mini wanka. Ba na so a je ana roƙonsu."

Na ɗauki hijabinta na ninke na ajiye.

Ta ce, "Tashi ki je, an kusa kiran la'asar. In za ki fita ki ja mini ƙofar."

Na ja mata ƙofar.