Malam Birki da Al'ummar 'Yan Koyo

Duk wanda ya koyi mota a unguwar nan ya san Malam Birki, kuma da yawansu har yau in suka hango shi sai ƙafarsu ta dama ta motsa da kanta. Ba iyayensa suka raɗa masa sunan ba. Ɗalibansa ne, don kalmar da ta fi yawa a bakinsa ke nan: "Birki! Birki na ce!" Rabin rayuwarsa a kujerar gefen direba ya yi ta, cikin wata 'yar tsohuwar mota mai birki biyu, da jan harafin L manne gaba da baya. Ya koya wa malaman makaranta, ya koya wa 'yan kasuwa, ya koya wa matan manya da ke shiga da ƙamshin turare su fito sharkaf da gumi. Ƙa'idarsa ɗaya ce, ba ya sassauta ta ko ga waye: ɗan koyo a tsohuwar mota zai fara. In wani ya zo yana taƙama da sabuwar motarsa, sai ya ce masa, "Mayar da ita gida. Wannan da kake rainawa tana yafe kuskure, taka ba ta yafewa."

Ya iya aikinsa, wannan ba musu. Amma bakinsa, kai! Mutane suna jurewa ne don sun san za su fito da hannu mai kyau. Mutum ɗaya ce ba ta jure ba, ita ce autarsa. Tana gama sakandare ya ɗauke ta koyo. A kan tudun da ke bayan kasuwa mota ta mutu mata, ta tayar, ta sake mutuwa, na baya suna ta danna hon. Sai ya miƙa hannu ya zare makulli a gaban jama'a ya ce, "Fito. Ke kanki ba na tuƙi ba ne." Ta fito ta koma kujerar baya, ko hawaye ba ta yi ba. Daga baya ta yi karatun jinya, ta samu aiki a wani gari mai nisa, can wata mata ta koya mata mota. A bakin mahaifiyarta ya ji labarin.

Tun daga ranar tudun nan, gaisuwa ce kawai tsakaninsu. In ta kira waya, "Baba ina wuni, ya jiki, ba Mama wayar." Abin yana cinsa a rai, amma Malam Birki ba mutumin da zai buɗe baki ya ce abu yana cinsa ba ne.

Da gwiwa ta hana shi taka kuloci, ya sayar da motar, ya ɓamɓare harafin L ɗin ya jefa saman kabad. Zaman gida ya zame wa kowa jarrabawa. Ya koma yi wa matarsa gyara a kan yadda take ajiye buta, da yadda take juya tsintsiya a kwana. Matar ta gaji ta kai ƙara wurin Auta. Ba a jima ba sai ga tsohuwar kwamfutar Auta an aiko da ita, da saƙo: akwai wani wasa da take yi ranar hutunta, mutum biyu suna iya yin sa tare ko suna nesa, suna ganin juna suna magana. In Baba yana so.

Yana so mana. Shekara da shekaru yarinyar nan ba ta ba shi ko minti goma ba, yau ga ta da yammaci guda cif. Ya yi wanka, ya sa riga mai guga, ya zauna gaban teburin falo tun kafin lokaci.

Wasan na yaƙin mutanen da ne. Ana ba ka fili da 'yan talakawa kaɗan. Ka sa su noma, su sari itace, su haƙo dutse da zinariya, ka gina gidaje, ka tara sojoji, kafin abokin gaba ya faɗo maka. Kuma ba a jiran kowa: kana tunani, shi yana tahowa. Amma kafin a fara sai ka zaɓi al'ummar da za ka riƙe, kowace da halinta.

Fuskar Auta ta bayyana a kusurwar allo, da alamar gajiyar aiki a idonta. Ta ce, "Baba, ka ga ta farkon nan, masu gonaki? Ita za ka ɗauka. Manomansu suna da sauri, gidajensu ba sa cin itace da yawa, ganuwarsu tana da ƙwari. Ko ka manta da wani abu ba za ka rushe nan take ba. Ta 'yan koyo ce."

Da ta tsaya a ganuwa, da an wuce wurin lafiya. Amma kalmar nan ta ƙarshe ta sauka a kunnen Malam Birki kamar an taka masa ƙafa. Ɗan koyo? Shi? Shi da ya yi shekaru yana manna wa mutane jan harafi? Ya gyara tabarau ya ce, "Waccan ta ƙasa fa, masu tantuna?"

"A'a Baba, waɗannan makiyaya ne. Ba su da ganuwa sam. Sai ka riƙa naɗe gari kana ƙaura, kuma maharbansu sai kana juya su ɗaya bayan ɗaya. Ni kaina ban gama iya su ba."

"To su nake so."

Ranar ya sha kashi. Linzamin kwamfutar ya ƙi masa biyayya: ya nufi itace, ya danna tunkiya. Talakawansa suka tsaya cirko-cirko a tsakiyar fili ba aikin fari ba na baƙi. Da abokan gaba suka iso, maharbansa suka ruga kai tsaye cikin masu mashi, shi kuma yana ta dukan tebur yana ihu, "Birki! Birki na ce!" Matarsa da ke kicin ta yi dariya har da riƙe ciki. Auta ta baro garinta na cikin wasan ta kawo masa ɗauki, kafin ta koma an cinye nata ma.

Mako na gaba ta sake cewa ya ɗauki masu gonaki. Ya yi kunnen uwar shegu. Wanda ya biyo baya ma haka. Kullum da abin da zai ɗora wa laifi: linzami ya tsufa, allon ya yi ƙanƙanta, masu yin wasan ba su san yaƙi ba. Ita kuwa kullum a kashe masa gobara take ƙarewa, ba ta taɓa gina garinta ya kai ko'ina ba. Dariyar da take yi a farko ta ragu, amsoshinta suka koma "to" da "uhm".

Ranar da abin ya fashe, tantunansa ne suka kama da wuta yana tsakiyar ƙaura. Haushi ya kwashe shi ya ce, "Ke ma ai ba ki iya koyarwa ba. Sai surutu."

Auta ta cire hannunta daga linzami, ta dube shi sosai ta ce, "Baba, ranar hutuna ɗaya ce tak. Duk mako ina tsaye a kan marasa lafiya. Na faɗa maka wadda za ta yafe maka kuskure, ka ƙi. In mako mai zuwa ma haka za a yi, mu bar shi kawai, mu koma gaisuwa." Ba ta ɗaga murya ba. Ta yi sallama, kusurwar allon ta yi baƙi.

Wutar tantunan tana ta ci a gabansa. Matarsa ta zo ɗaukar kofin shayi, ta leƙa allon ta ce, "Malam, wannan ce sabuwar motar taka?" Ta wuce abinta.

Makon nan bai yi wa kowa gyara ba. Buta ta zauna inda ta ga dama. Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske, don ya san 'yarsa: wadda ta bar sitiyarin motarsa ba ta ƙara taɓa shi ba, in ta ce a koma gaisuwa to an koma ke nan.

Ranar hutunta da rana ya jawo kujera zuwa gaban kabad. Matarsa ta ce, "Da wannan gwiwar za ka hau? Sauko in ɗauko maka." Ya ce a'a, shi ya jefa, shi zai ɗauko. Ya lalubo harafin cikin ƙura, ya goge shi da gefen riga. Jan ya ɗan koɗe, gefe guda ya lanƙwashe. Ya nemi salatif ya manna shi a ƙirjin rigarsa, ya zauna gaban kwamfuta yana jira.

Ta ɗan makara, har ya fara cire rai. Sai ga fuskarta. Ta buɗe baki za ta gaishe shi, sai idonta ya sauka a ƙirjinsa. Ta san harafin nan sarai, har lanƙwasar gefen ta sani.

Ya yi gyaran murya ya ce, "Wace ce kika ce ta 'yan koyo?"

"Ta farko, Baba. Masu gonaki."

Ya danna ta. Aka fara. Ta ce ya sa mutum huɗu a gona, ya sa. Ta ce ya gina gida, ya gina. Abin ya soma tafiya, har ya ga ganuwarsa tana tashi. Can hankalinsa ya tafi kan ganuwar, ya manta da ƙofar gari a buɗe. Wasu 'yan mahara suka kutso suka tarwatsa masa manoma, gonaki suka tsaya cak. Kuskure ne na sakarci, irin wanda da ɗalibinsa ne ya yi, da duk titi sai ya ji. Ya saki linzami, ya sunkuyar da kai, yana jiran abin da ya san ya cancanta.

Auta ta ce, "Ba komai, Baba. Mota ce ta mutu. Sake tayarwa, ina jiranka."

Kunya ta rufe shi, da wani daɗi mai ciwo. Kalmomin nan ba su da tsada, kuma a kan tudun bayan kasuwa suna cikin bakinsa, bai faɗa ba. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, allon bai daina rawa ba.

"To, Malama," in ji shi. "Me zan fara dannawa?"