Bargon da Gwaggo ta so mayarwa hankici

Muna tsakiyar jeren ɗakin ƙanwata Ummi a Sheshe, na shimfiɗa bargon da na ɗinka mata da guntayen atamfofin ankon danginmu. Ina jiran yabo, sai Gwaggo Hajara ta gyara tabarau ta sunkuya.

"Wannan koren ba ankon bikin Ladidi ba ne? Auren da ko azumi bai kai ba! Jan nan kuma na Balaraba, sarauniyar yaji. Maza farke su, kada ki shafa wa yarinya."

Na ce, "Gwaggo, in na bi dangin nan da reza, ai hankici za mu kai wa amarya."

Mata suka kwashe da dariya, ban da ita. Idonta ya faɗa kan wani koɗaɗɗen shuɗi da na sa a tsakiya, guntun zanin da ta goya Ummi da shi bayan rasuwar Innarmu.

Ta daɗe tana shafa shi, sannan ta ce, "Bar su. Wannan zai goya su duka."

Ku fa, wane tsohon zani kuka kasa rabuwa da shi?